Tsohon mulune da kifin buroshe a bakin gulbin Saône

A wannan mako za mu ƙetare hamada da teku, mu sauka gabashin ƙasar Faransa, a bakin wani gulbi da ake kira Saône, wanda ke tafiya wajen kilomita 480 kafin ya haɗu da kogin Rhône cikin birnin Liyon. Kowace shekara, ran Asabar ta ƙarshen watan Afrilu, tun da jijjifi za ka tarar da mutane jere bisa gaɓarsa cikin hazo, kowa riƙe da sandar fatsa. Ranar ce hukuma ke buɗe kamun wani kifi da Faransawa ke kira brochet, mu ce buroshe, bayan an hana taɓa shi wata uku cur. Mafi yawan masu fatsar kayan zamani ne a hannunsu, masu walƙiya, ƙirar Asiya. Amma in ka lura da kyau, can gefe za ka ga wani dattijo, ko wani saurayi da ya gaji kakansa, da wani baƙin ƙarfe mai siffar ƙwai ɗaure ƙarƙashin sandarsa, fentinsa ya kankare, yana ƙara in an murɗa shi. Wannan ƙarfe ya girme mai riƙe da shi sau da yawa. Labarinsa da labarin kifin da ake nema da shi muka kawo muku yau, domin akwai abin lura ciki ga duk wanda ke zaune kusa da ruwa.

Mu fara da kifin. Buroshe kifin ƙasashen sanyi ne, ana samun sa daga Turai zuwa Rasha har arewacin Amurka, masana kuma na ce masa Esox lucius. Dogo ne siriri, launinsa kore da ɗigo-ɗigon rawaya, bakinsa shimfiɗaɗɗe kamar na agwagwa, cike da ɗaruruwan haƙora masu kwantawa baya, ta yadda abin da ya shiga ba ya fitowa. Fiffiken bayansa yana can kusa da wutsiya, shi ya sa yake iya zabura kamar kibiya daga tsaye. Ba ya yawon neman abinci kamar tarwaɗa. Kwanton ɓauna yake yi cikin ciyawar ruwa, ko gindin bado, ko ƙarƙashin itacen da ya faɗa gulbi, ya yi shiru kamar guntun icce har ƙaramin kifi ya gitta. Yana cin kwaɗi, yana cin ƴaƴan agwagwa, har ƙanana na jinsinsa bai bari ba. Mace ta fi namiji girma nesa ba kusa ba, takan wuce mita guda. Mafi nauyi da aka rubuta cikin kundin masu fatsa na duniya kilo 25 ne, wani Bajamushe mai suna Lothar Louis ya kama shi a 1986. Namansa fari ne mai daɗi, sai dai ƙaya ta yi masa yawa, don haka mutanen Liyon ke niƙe shi da ƙwai da gari da man shanu su yi wani irin ɗan dunƙule da suke kira quenelle, wanda ya zama abincin alfaharin garinsu.

Mai neman irin wannan kifi daga gaɓa, ba tare da jirgi ba, dole ya iya jefa ƙugiyarsa nesa, ya jawo ta, ya sake jefawa, sau ɗari ko fiye a wuni ɗaya. Nan ne amfanin ƙarfen da muka ambata. Faransawa na ce masa moulinet, mu ce mulune. Aikinsa shi ne sakin zare lokacin jifa da naɗe shi lokacin jawowa. Wanda ya san keken ɗinki ya san ƙwarƙwaro. To, a jikin mulune akwai ƙwarƙwaro babba mai ɗauke da zaren nailan mita 150 ko 200, yana fuskantar bakin sanda. Shi ba ya juyawa. In mai fatsa ya ɗaga wani lanƙwasasshen ƙarfe mai kama da mariƙin bokiti, ya wurga, nauyin ƙoto ne ke warware zaren daga bakin ƙwarƙwaron ba tare da wani abu ya riƙe shi ba. In ya murɗa hannun mulunen, mariƙin ya faɗo, ya kama zaren, ya riƙa zagaya ƙwarƙwaron yana naɗewa. Wani Bature na Ingila, Alfred Holden Illingworth, mutumin Bradford garin masaƙu, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1905, kuma ba abin mamaki ba ne da ta fito daga hannun wanda ya tashi cikin zare da ƙwarƙwaro.

Amma mulunen da ya kai dabarar gidan talaka a Faransa aka ƙera shi. A gindin duwatsun Alp akwai wani ƙaramin gari, Cluses, wanda mutanensa suka daɗe da gwanancewa wajen yankan ƙananan ƙarafan agogo. Kamfanin Carpano et Pons na wannan gari, da injiniyansa Maurice Jacquemin, suka fito da mulunen Mitchell a 1948, wanda daga baya aka laƙaba masa lamba 300. Cikinsa akwai fayafayan haƙora guda 8, sun shiga juna kamar cikin agogo. Na farko-farko rabin mariƙi gare su, domin kamfanin Hardy na Ingila ne ke riƙe da haƙƙin cikakken mariƙi tun 1932. Sai da wa'adin haƙƙin ya ƙare a 1954 sannan Mitchell ya samu siffar da aka san shi da ita. Kamfanin Garcia ya riƙa kai shi Amurka, aka sayar da sama da miliyan 20 a duniya. Abokin gasarsa ma daga gidan agogo ya fito: kamfanin ABU na garin Svängsta a ƙasar Suwidin, wanda aka kafa a 1921 don ƙera agogon aljihu, ya koma kayan fatsa, ya fito da mulunen Cardinal cikin shekarun 1960. Yau sunan Mitchell yana nan, amma ƙirar ta bar Cluses ta koma Asiya. Waɗanda aka yi a da kuwa suna nan cikin akwatunan gidaje da kasuwannin tsofaffin kaya na ran Lahadi, ana sayar da su da kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

To, yaya ake fatsar? Mai neman buroshe ba ya zama wuri ɗaya ya jira. Tafiya yake yi. Dokar Faransa ta bar wa masu fatsa da masu tafiya ƙasa faɗin mita 3 da santimita 25 a gefen gulaben gwamnati, mai gona ba shi da ikon tare shi. A bakin Saône kuma akwai tsohuwar hanyar da dawaki ke bi suna jan jiragen kaya a zamanin da, ita ce ta zama turbar masu fatsa. Mutum zai bi ta a hankali, ba ya buga ƙafa, ba ya barin inuwarsa ta faɗa ruwa, yana duban wuraren da kifin ke laɓewa: bakin kacalla, mahaɗar ƙaramin rafi da gulbi, bayan ginshiƙin gada inda ruwa ke juyawa baya, da tsohon reshen gulbi da ruwansa ya kwanta. Kuskuren sabon shiga shi ne ya wurga tsakiyar gulbi tun farko, alhali sau da yawa kifin yana nan kusa da ƙafarsa. Gwani yakan fara jifa kusa, hagu da dama, a bin gaɓa, sannan ya riƙa nisantawa. In ya yi jifa goma ko goma sha biyar bai ji komi ba, sai ya ƙara gaba.

Ƙoton ma ba tana ba ce ko ƙullun gari. Ƙarfe ne. Akwai wanda ake kira cokali, domin kamarsa ke nan, in ana jan sa yana karkaɗawa yana walƙiya kamar kifin da ya ji ciwo. Akwai mai ɗan faranti da ke kewaya waya yana girgiza ruwa, wanda wani injiniyan Faransa André Meulnart ya ƙago a 1938, ake sayar da shi har yau da sunan Mepps. Akwai kuma kifin icce, irin wanda masuncin nan na ƙasar Finlan, Lauri Rapala, ya fara sassaƙawa a 1936 ya lulluɓe shi da takarda mai ƙyalli. Buroshe na ganin walƙiyar, yana jin girgizar a jikinsa, sai ya afka. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Tsakanin ƙoto da zare dole a sa guntuwar wayar ƙarfe mai tsawon taƙi ɗaya ko biyu, in ba haka ba haƙoran kifin su datse nailan kamar reza, ya tafi da ƙugiya uku cikin maƙogwaro ya mutu a banza. Dole kuma a sa wani ɗan ƙarfe mai juyawa a kan wayar, don kada kewayawar ƙoton ta murɗe zaren ya cukurkuɗe.

Nan ne tsohon mulune ke nuna halinsa, na kirki da na tsiya. In ka murɗa hannun Mitchell 300 sau ɗaya, kansa na zagayawa kusan sau 4, alhali na zamani kan yi sau 5 ko 6. Wannan jinkiri alheri ne ga mai jan cokali, domin cokali ya fi yin rawa in ana jan sa sannu, cikin ruwan sanyi kuma buroshe ba ya son bin abu mai gudu. Amma yana da nauyi a hannu. Birkinsa, wato abin da ke sakin zare kaɗan-kaɗan in kifi ya ja da ƙarfi, bai kai na yau laushi ba, sai an saita shi tun kafin jifa, a ja zaren da hannu a ji ya fita kafin ya kai ga tsinkewa. Ba ya shiri da saƙaƙƙen zaren zamani, wanda ke cin ƙarfen da yake gogawa har ya yi masa rami, don haka masu shi ke tsayawa ga nailan mai kaurin kashi 30 ko 35 cikin ɗari na milimita. Kansa kuma yana zagayawa ta fuskar da ta saɓa wa yawancin sauran, wanda ya saba da wani sai yatsansa ya sake koyo. In kifi ya kama, mai fatsa zai ɗaga sanda da ƙarfi sau ɗaya don ƙugiya ta shiga, domin bakin buroshe ƙashi ne. Daga nan sai ja-in-ja. Kifin yakan zo kamar ya sallama, ya ga mutum, ya juya da gudu, birki ya yi kuka. Mai gaggawa a nan yake asara. Sai an bari ya gaji, a jawo shi cikin ƴar koma mai mariƙi, a cire ƙugiya da dogon awartaki, don wanda ya sa yatsa cikin wannan baki ba zai sake ba.

Me ya sa mutum mai halin sayen sabo zai riƙe tsoho? Masu abin na ba da dalili ɗaya da ya fi sauran ƙarfi: ana gyara shi. Kusoshi uku masu murɗi ne ke riƙe da marfin gefensa. In ka kwance su, duk cikinsa na gabanka. A fitar da fayafayan haƙoran, a jera su bisa tsumma yadda suka fito, a wanke busasshen man da ya daskare da isansi, a shafa sabo kaɗan, a mayar. Abin da ya fi mutuwa jikinsa wata ƴar murɗaɗɗiyar waya ce mai mayar da mariƙi wurinsa, ita kuma ana samun ta, tun da miliyoyin ƴan'uwansa suna nan, wanda ya mutu ya ba mai rai kayan jiki. Mulunen da aka ƙera a 1960, in ya samu wannan kulawa sau ɗaya a shekara, yana fitar da kifi a yau kamar ranar da ya bar Cluses. Da yawa daga cikin masu arahar zamani kuwa roba ce da ƙarfe mai taushi, in haƙori ɗaya ya karye sai juji. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai gyaran keken ɗinki ko makanikin tsohuwar Peugeot 404 ya san wannan magana. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Ƙarfen ya daɗe, kifin ne ke neman ƙarewa. Cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana a Faransa, wanda aka fitar a 2009 aka sabunta a 2019, an sa buroshe a sahun masu rauni. Kuma babban dalilin ba ya hannun masu fatsa. Buroshe ba ya zuba ƙwai cikin gulbi. A ƙarshen sanyi, tsakanin Fabrairu da Afrilu, lokacin da ruwan sama da narkewar ƙanƙara suka sa gulbi ya cika ya malala cikin fadamun gefensa, sai iyayen su bi ruwan su shiga makiyayar shanu, su zuba ƙwai bisa ciyawar da ta nutse, inda zurfi bai wuce gwiwa ko ƙugu ba. Mace ɗaya na zuba dubban ƙwai ga kowane kilo na nauyinta. Ƙwan na manne da ciyawa wajen kwana 10 ko 12 kafin ya ƙyanƙyashe, ƴaƴan kuma su ƙara wasu kwanaki maƙale da ganye, sannan su fara cin ƙananan halittun da ɗumin ruwan fadama ke haifarwa. Sai sun kai tsawon yatsa suke bin ruwa su koma gulbi. Duk wannan na bukatar fadamar ta zauna cikin ruwa aƙalla kwana 40 a jere. In ruwan ya janye cikin mako ɗaya, ƙwan ya bushe bisa ciyawa, haihuwar shekarar ta tafi.

Abin da ya faru ke nan a wurare da yawa bayan yaƙin duniya na biyu. An gina ganuwar ƙasa tsakanin gulbi da fadama don kare gonaki da gidaje. An haƙa magudanai don ruwa ya fita da sauri. An nome makiyaya an shuka masara. An miƙe gulaben da ke da lanƙwasa, an yi baraji mai daidaita ruwa don jiragen kaya da wutar lantarki. An kwashi yashi da tsakuwa daga cikin gulbi don gina hanyoyi da birane, har gadon kogin Loire ya zurfafa, rassansa suka rataye sama ruwa bai kai musu, kafin a hana wannan haƙa a 1994. Kowane ɗaya cikin waɗannan ayyuka yana da hujjarsa, kuma ya amfani mutane. Ba wanda ya tashi da niyyar kashe kifi. Amma da aka tara su, sai buroshe ya wayi gari da gulbi babu ɗakin haihuwa.

Hukuma ta ɗaure masu fatsa da dokoki. Ba a fatsa sai da kati na shekara, wanda ke sa mutum cikin ƙungiyar masu fatsa ta yankinsa, kuma masu katin sun haura miliyan ɗaya. Ana rufe kamun buroshe daga Lahadin ƙarshen Janairu zuwa ƙarshen Afrilu. Tun 2016 ba a yarda mutum ya tafi gida da fiye da biyu a rana ba, kuma a mafi yawan jihohi wanda bai kai santimita 60 ba dole a mayar da shi ruwa, don ya samu haihuwa ko sau ɗaya. Da yawa cikin masu fatsar yau ma ba su ɗaukar ko ɗaya, su auna, su ɗauki hoto, su sake shi. An kuma gwada zuba ƴaƴan kifin da aka ƙyanƙyashe a tafkunan kiwo, aka ga abin ba ya ɗorewa in wurin haihuwa bai dawo ba. Don haka ƙungiyoyin suka juya ga tushen ciwon. Da kuɗin katin nan suke sayen fadama ko su yi yarjejeniya da mai ita, su buɗe bakin tsohon reshen gulbi da laka ta toshe, su sare itacen da ya rufe ciyawa, su sa ƙaramar ƙofar ƙarfe da za ta riƙe ruwa cikin fadama har watan Mayu, sannan a buɗe ta ƴaƴan kifi su fita. Makiyayi ya samu ciyawarsa bayan ruwa ya janye, kifi ya samu wata biyunsa. Kwarin Saône na cikin wuraren da suka rage da manyan fadamu masu cika kowace shekara, shi ya sa har yanzu sunansa ke fitowa in ana zancen buroshe.

Mai karatu na iya cewa, ina ruwanmu da kifin da ba mu taɓa gani ba, da mutanen da ke kama kifi su sake shi? Gaskiya ne, masuncin Gaya ko na Ayoru ko na tabkin Madarunfa abincin iyalinsa yake nema, ba shaƙatawa ba. Amma ɗabi'ar ruwa ɗaya ce. Kifayen kogin Isa da yawa su ma cikowar ruwa suke jira su shiga fadama da filayen burgu su hayayyafa, shekarar da kogi ya malala sosai ita ke cika koma a shekarar da ke biye. Dattawan Yamai ba su manta 1985 ba, lokacin da kogin ya tsaya da gudu a gaban birnin. Mu ma mun gina ganuwa mun killace fadamu don noman shinkafa, kuma muna bukatar shinkafar. An aza tubalin barajin Kandaji a 2008, kuma muna bukatar wutar da ruwan noman. Abin da labarin buroshe ke koya mana shi ne a yi lissafin kifi tun ana zanen aiki bisa takarda, a bar masa ƙofa da kwanakinsa, domin Faransawa sai da suka rasa sannan suka koma suna sayen fadama da tsada don su mayar mata da ruwan da suka kora. Haka nan wanda ke tace ƴaƴan kifi da gidan sauro ya sani abincin baɗi yake ci bana. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Dattijon nan na bakin Saône zai koma gida da yamma, rabin awa bayan faɗuwar rana kamar yadda doka ta ce, wataƙila da kifi ɗaya, wataƙila hannu wofi. Zai goge mulunensa, ya ɗiga masa mai, ya ajiye shi don jikansa. Ƙarfen zai kai ga jikan, wannan babu shakka. Ko jikan zai tarar da abin kamawa, wannan ya rataya ga abin da aka yi da fadama.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.